Yadda za ka shiga fafutukar rage kisan bindiga a Amurka, ba surutun Facebook kawai ba

Wata rana 'yata ta dawo daga makaranta, lokacin tana aji biyu na firamare, tana cire takalmi tana ba ni labari wai yau sun yi atisayen ɓuya, malama ta kashe wuta ta kulle ƙofa suka taru a kusurwar da ba a hangowa ta taga, aka ce kowa ya yi shiru, ita kuma tari ya taso mata sai ta cusa bakin hijabinta a baki don kar "mugun mutumin" ya ji ta. Ko a jikinta wallahi, kamar labarin wasan tsere take ba ni. Ni ce na kasa barci. Daren nan na rubuta dogon rubutu a Facebook, aka yi ta danna min alamar kuka, washegari kowa ya kama gabansa, ni ma haka.

To tun daga nan na fara bibiyar mutanen da suka ɗauki abin nan aiki, su waye, ta ina suka fara, me ya ci musu me bai ci ba. Abin da na fahimta shi zan zuba a nan saboda 'yan uwa mazauna Amurka da ke tambaya ta ina mutum zai kama.

Fara da sanin inda gawarwakin suke

Yi haƙuri da kalmar amma haka ne. Mu duka harbin makaranta muka sani saboda shi ake haskawa a talabijin, alhali a lissafin mace-macen ɗan kaɗan ne. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC na shekarar 2021 sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar, kuma fiye da rabi, wajen kashi 54 cikin ɗari, kashe kansu suka yi da hannunsu. Kisan wani ya kashe wani kusan kashi 43 ne, shi ma yawancinsa da ƙaramar bindiga ake yi, a 'yan unguwanni ƙalilan na birane, tsakanin matasa, ko a cikin gida tsakanin miji da mata. Sannan daga 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota ta zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19.

In ba ka riƙe wannan ba, ranar farko da ka buɗe baki gaban wanda ya san harkar zai tashe ka tsaye. Kuma shi zai nuna maka ɓangaren da za ka kama, don mai son rage kashe kai da mai son rage harbin unguwa da mai son tsare makaranta ba aiki ɗaya suke ba ko da rigarsu ɗaya.

Ka san dokar ƙasar ma ko sama-sama. Gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda ya yi maganar haƙƙin mallakar makami, tun 1791 yake, a 2008 kotun ƙoli ta ce a shari'ar Heller mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga a gidansa don kare kai, a 2022 a shari'ar Bruen ta ƙara da fita da ita waje. Saboda haka wanda ya shigo da kirarin "a kwashe bindigogin kowa" ɓata yawun bakinsa yake, kuma ya kori rabin mutanen da zai buƙata.

Zaɓi abu ɗaya, ka liƙe masa

James Brady kakakin shugaba Reagan ne, an harbe shi a ka ranar 30 ga Maris 1981 lokacin da aka so kashe Reagan, ya rayu amma ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Matarsa Sarah ba ta tsaya tana cewa a gyara duniya ba, abu guda suka sa a gaba ita da shi: kafin dila ya sayar wa mutum bindiga a binciki tarihinsa. Sai a Nuwamban 1993 Bill Clinton ya sa wa dokar hannu, shekara 12 bayan harbin, kuma tsarin binciken na kwamfuta da FBI ke riƙe da shi sai 1998 ya fara aiki. Har gobe dokar tarayyar dilolin da ke da lasisi ta kama, cinikin mutum da mutum akwai giɓi, jihohi ne wasu suka toshe nasu wasu suka bari.

To ka ga irin tsawon numfashin da ake nema. Kai ma zaɓi naka. Ko dokar adana bindiga a kulle inda akwai yara, ko dokar jan tuta wadda ke ba alƙali dama ya sa a karɓe bindigar mutum na ɗan lokaci in iyali ko 'yan sanda sun kawo hujjar zai cutar da kansa ko wani (Connecticut ce ta fara a 1999, Indiana ta bi a 2005), ko kuɗin masu shiga tsakani da ke tare ramuwar gayya a unguwanni a kasafin birninku. Ɗaya dai. Na ga mutane masu zafin zuciya sun ɗauko guda goma wata uku suka sauke duka.

Kar ka buɗe sabuwar ƙungiya

Wannan cutar tamu ce, kowa so yake a ce shi ne ciyaman. Shannon Watts uwar yara biyar ce a jihar Indiana, washegarin harbin makarantar Sandy Hook na 14 ga Disamba 2012, inda aka kashe yara 20 da manya 6 a garin Newtown, ta buɗe shafi a Facebook, shi ya zama Moms Demand Action. Ita ta buɗe ne don ta nema ba ta samu ba. Kai yanzu akwai su birjik. Ƙungiyar tata ta haɗe da ta magadan gari da Michael Bloomberg da Thomas Menino suka kafa a 2006, aka samu Everytown for Gun Safety a 2014, suna da rassa a kowace jiha kuma duk da sunan iyaye mata maza ma suna shiga. Akwai ƙungiyar Brady, akwai ta Giffords da zan kawo labarinta a gaba, akwai March for Our Lives ta matasa, akwai Sandy Hook Promise da Nicole Hockley da Mark Barden suke ciki, su biyun duk sun rasa 'ya'ya a makarantar nan, su kuma sun fi ba da ƙarfi wajen koya wa ɗalibai da malamai gane alamun yaron da ke shirin yin ɓarna da yadda za a kai rahoto tun da wuri.

Shiga shafinsu, sa lambar unguwarku, za su turo maka ranar mitin na kusa. Je ka zauna ka yi shiru karo biyu ko uku. A mitin ɗin farko da na je mu goma sha wani abu ne a ɗakin laburare, rabi tsofaffi, wata tana raba takardar sunayen 'yan kwamitin majalisar jiha da lambobin ofisoshinsu, an yi wa mutum uku da'ira da jan biro wai su ne ba su tsaya gefe ɗaya ba tukuna. Duk mitin ɗin a kan mutum ukun nan ya ƙare. Ni da na zo da zuciya ina jiran jawabi mai sa kuka har na ɗan ji haushi, daga baya na gane aikin kenan.

Washington ba nan ne kasuwar ba

Bayan Sandy Hook kowa ya ɗauka yanzu kam majalisar tarayya za ta motsa. A Afrilun 2013 ƙudurin sanata Manchin da sanata Toomey na faɗaɗa binciken mai saye ya samu ƙuri'a 54, amma a majalisar dattawa 60 ake nema, ya mutu murus. Yara 20 fa. Daga nan masu fafutuka da yawa suka juya akala zuwa majalisun jihohi da na birane da hukumomin makarantu, inda ɗan majalisa ke cin zaɓe da ratar 'yan ɗaruruwan ƙuri'u kuma kira 40 a rana ɗaya yana tada masa hankali.

Dubi Florida. An kashe mutum 17 a makarantar sakandaren Parkland ranar 14 ga Fabrairu 2018, ɗaliban suka cika motocin bas suka tafi Tallahassee babban birnin jihar suka tsare 'yan majalisa a ofis-ofis, ranar 9 ga Maris gwamna Rick Scott, ɗan Republican ne kuma mutumin ƙungiyar NRA ta masu bindiga, ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen bindiga zuwa 21, ta sa jiran kwana uku, ta kawo jan tuta. Kwana 23. Gangamin Washington da duniya ta gani, inda González, ɗaya daga cikin ɗaliban Parkland, ta tsaya a dandamali ta yi shiru har jawabinta ya cika minti 6 da daƙiƙa 20 daidai tsawon harbin, ranar 24 ga Maris aka yi shi, wato dokar ta riga shi.

Yadda za ka yi: nemo sunan wakilinka na majalisar jiha da sanatan jiha, a shafin majalisar ana sa adireshi ya fito da su. Kira ofis ya fi imel, zuwa da kai kuwa ya fi aike. In ka kira, ma'aikaci ne zai ɗauka, faɗi sunanka da unguwarka da lambar ƙudurin da matsayinka, shikenan, ba a wa'azi, shi ƙirge yake yi. In kwamiti zai saurari jama'a yi rajistar magana, yawanci minti biyu ko uku ake bayarwa kuma akwai agogo, rubuta abinka ka karanta wa madubi ka auna. Kar ka cika shi da alƙaluma, ƙwararru za su kawo wannan, kai kawo abin da ka gani da idonka. Ni labarin hijabin nan na bayar, muryata na rawa, wani ɗan majalisa da tun safe yake latsa waya ya ɗago kai. Ƙudurin bai wuce ba a shekarar fa, kar ka ce na yi maka daɗin baki. Kuma ka sani babban kaso na aikin tare ƙofa ne, hana wani ƙudurin sassauta doka wucewa, wanda in kun yi nasara babu jaridar da za ta buga don ba abin da ya faru.

Wata magana mai muhimmanci ga irinmu: in ba ka zama ɗan ƙasa ba kar ka kuskura ka yi rajistar zaɓe ko ka jefa ƙuri'a ko wa ya miƙo maka fom, laifi ne da zai iya sa a kore ka daga ƙasar. Gudummawar kuɗi ga ɗan takara ma sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Amma zuwa mitin da aikin sa kai da magana a taron makarantar yaranka, wannan ba wanda ya hana ka.

Mutanen da kyamara ba ta zuwa wajensu

Nan ne zuciyata ta fi kwanciya. Gary Slutkin likitan annoba ne, ya yi shekaru yana yaƙi da kwalara da tarin fuka da ƙanjamau a ƙasashen waje, da ya koma Chicago ya kalli taswirar harbe-harbe sai ya ga kamar taswirar annoba, wannan ya harbi wancan, 'yan uwan wancan su rama, abu na yaɗuwa gida-gida. A 2000 ya fara shirin da yanzu ake kira Cure Violence: a ɗauki mutanen unguwa da matasa ke jin maganarsu, da yawansu sun taɓa zaman gidan yari, aikinsu da zarar an yi harbi su ruga asibiti da gidan makoki su tare ramuwar gayya kafin ta tashi. Ba sa kai wa 'yan sanda tsegumi, in suka yi haka sun gama yawo. A Boston kuma tun 1996 masanin laifuka David Kennedy da 'yan sanda da limaman coci suka gwada tara 'yan gungun da aka san su ke harbin a ɗaki ɗaya, a gaya musu ido da ido ga taimako in kuna so, ga kuma abin da zai sami gungunku duka in aka sake harbi, kisan matasa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. A Richmond ta California DeVone Boggan ya kai ga ba irin waɗannan samarin alawus in sun cika sharuɗɗa, aka yi ta zaginsa wai yana biyan 'yan ta'adda. A Queens ta New York akwai Erica Ford da ƙungiyar da ta kafa, LIFE Camp.

Ba ko'ina shirye-shiryen nan suka ci ba, wasu biranen an ga sauƙi wasu ba a gani ba, kuma sau da yawa matsalar ita ce a ba su kuɗin shekara ɗaya a yanke. Saboda haka in birninku na da irin wannan, taimakon da ya fi shi ne ka je zaman kasafin kuɗi na majalisar birni ka yi magana a kansu. Kar kuma ka je unguwar da ba taka ba kana koya musu abin da suka shekara 20 suna yi, tambaye su me suke buƙata, watakila mota ce za ta kai yara wasa ranar Asabar.

Ko rigar ruwan lemo da ake sawa farkon watan Yuni don tunawa da waɗanda bindiga ta kashe daga irin unguwannin nan ta fito. Hadiya Pendleton 'yar shekara 15 aka harbe a Chicago a Janairun 2013, mako guda bayan ta yi fareti a bukukuwan rantsar da Obama karo na biyu, ƙawayenta suka zaɓi launin da mafarauta ke sawa a daji don kar a harbe su bisa kuskure.

Yi magana da masu bindiga

Eh, su ɗin. Gabby Giffords 'yar majalisar wakilai ce daga Arizona, an harbe ta a ka ranar 8 ga Janairu 2011 tana ganawa da mutanen mazaɓarta a bakin wani babban kanti a Tucson, mutum 6 suka mutu har da alƙali da yarinya 'yar shekara 9, ita sai da ta sake koyon magana daga farko. Da ita da mijinta Mark Kelly, ɗan sama-jannati da ya zama sanata a 2020, duk masu bindiga ne kuma ba sa ɓoyewa, da wannan suke shiga ɗakunan da wani ba zai shiga ba. Dokar tarayya ta 2022 ma, wadda aka yi bayan kisan baƙaƙen fata 10 a Buffalo da yara 19 da malamai 2 a Uvalde, sanata Chris Murphy na Connecticut ɗan Democrat da sanata John Cornyn na Texas ɗan Republican ne suka zauna suka ƙulla ta, ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 65 da 33, Biden ya sa hannu ranar 25 ga Yuni. Ta ƙara bincike kan masu saye 'yan ƙasa da 21, ta ware dala miliyan 250 wa masu shiga tsakani a unguwanni. Wasu sun raina ta, ni dai a ganina da hanau gara mannau, kusan shekara 30 aka yi ba a samu ko irinta ba.

Inda aka fi samun haɗin baki da masu bindiga shi ne maganar kashe kai. Yunƙuri da bindiga kusan 9 cikin 10 mutuwa ne, alhali yawancin waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa komawa su mutu ta wannan hanyar, wato in bindigar ba ta kusa a wannan mummunar sa'ar mutum na iya kaiwa tsufa. A New Hampshire masu shagunan bindiga da kansu suka haɗa kai da ma'aikatan lafiya suna liƙa sanarwa suna lura da mai sayen da bai yi kama da mai hankalinsa a kwance ba. In abokin aikinka mafarauci ne ta nan za ka shiga masa, ba ta zagin NRA ba. Lambar 988 kuma riƙe ta a ka, ta neman agaji ce ga wanda ke cikin ƙunci, ana kira ana kuma tura saƙo.

Taurari fa?

Suna da rana, ba na musu. Ranar Uvalde kocin ƙwallon kwando Steve Kerr, wanda aka harbe mahaifinsa a Beirut a 1984, ya ƙi maganar wasa ya buga tebur gaban 'yan jarida, sai ga ɗan fim Matthew McConaughey haifaffen garin Uvalde a fadar White House ana nuna koren takalmi irin na ɗaya daga cikin yaran. Irin wannan yana buɗe ƙofa na mako biyu ko uku. Amma wanda zai shiga ƙofar sai wanda ya riga ya rubuta ƙuduri ya san ofishin kowa. Ni Lucy McBath ta fi burge ni, ma'aikaciyar jirgin sama ce, aka harbe ɗanta Jordan Davis ɗan shekara 17 a gidan mai a Jacksonville a 2012 saboda gardamar ƙarar kiɗa, ta yi shekaru tana aikin ƙungiya sannan a 2018 ta ci kujerar majalisar wakilai daga Georgia. In kana da takardu da ƙarfin hali, kujerar hukumar makarantun gundumarku ma takara ce.

Sai ka shirya wa zagi. Iyayen Sandy Hook an shekara ana ce musu 'yan wasan kwaikwayo ne yaransu ba su mutu ba, har sai da suka kai Alex Jones, mai shirin rediyo da intanet da ya yaɗa ƙaryar, kotu aka yanke masa diyyar sama da dala biliyan ɗaya, iyalai tara kuma suka samu sasancin dala miliyan 73 daga kamfanin Remington da ya ƙera bindigar maharin a 2022 kan yadda ya tallata bindigar. Kai ba za ka kai nan ba amma kulle shafukanka, cire hoton yara da adireshi, kar ka biye wa mai neman faɗa a intanet, kuma in ka gaji ka huta wata guda ka dawo. In za ka yi aiki da wanda ya rasa ɗa, kar ka tura shi gaban makirufo, bari ya ce yana so, kuma ka tuna da shi bayan wata shida lokacin da kowa ya watse.

Abin da za ka iya yi a makon nan kuwa a gida yake. In kana da bindiga cire harsashi, kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashin a wani wuri daban shi ma a kulle, ofisoshin 'yan sanda da yawa suna raba makullin bindiga kyauta. In yaronka zai je wasa gidan abokinsa tambayi iyayen ko akwai bindiga a gidan kuma ko a kulle take. Da nauyi a baki, na sani, ni a saƙon waya nake sakawa tare da maganar ƙarfe nawa zan zo ɗaukarta da ko suna da kare, sai ta shige cikin sauran tambayoyi. Karon farko da na tura na yi minti goma ina kallon wayar, sai ga amsar matar: akwai guda biyu na mijinta, suna kulle cikin akwatin ƙarfe a gareji, in zo in gani in ina so. Na je na gani.